Kara Mai Ƙonannen Kai

Ƙofar Atiku, Sakkwato
Goma ga watan azumin tsofaffi, shekara ta goma sha huɗu da zuwan Nasara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga yayarka Sadiyatu zuwa ga ƙanena Junaidu, mai sayen fatu a birnin Kano. Gaisuwa mai yawa tare da begen ganinka. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Habiba da yara, kasuwa kuma tana tafiya yadda kake so. Mu nan lafiya muke, sai zafin rana da ya hana kowa sakat. Baba bai san ina rubuta wannan takarda ba, in ya sani kuwa sai ya yi kwana uku bai dube ni ba.

Bayan haka, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne soron Baba. Ka san bara ba a yi masa yaɓe ba. Bana ya tsage tun daga bakin indararo har kusan tsakiya, in rana ta take sai ka ga haske yana faɗowa kan buzunsa, ga damina saura ƙiris. Na je gidan Maccido magini sau uku, ashe an kwashe shi zuwa aikin bariki, wai Nasara suna gina wani ofis. Samarin unguwa kuwa kada ma ka tambaya. Wasu an ɗebe su dakon kayan yaƙin Jamus, wasu sun ji ana ɗiba sun tsere, sauran sun bi sawunku, ku masu neman arziki. Daga zaurenmu har masallaci, in ka ga baƙin gemu to na bunsuru ne.

Shi ne Baba ya ce shi zai hau. Mutumin da ya ba saba'in baya, wanda in zai tashi daga buzu sai ya dafa bango ya kira sunan Allah sau biyu. Ya sa an kawo masa ƙasa da makuba ya jiƙa, kullum da safe sai ya tattaka ta da ƙafa, ya ɗaga kai ya dubi soron. Na yi magana, na yi kuka, na haɗa shi da Allah, ya yi mini kunnen uwar shegu. Wai shi da ya ɗora ƙashin rabin birnin nan, ba ni zan koya masa abin da faɗuwa take ba.

Da ba don abin da ya faru ran Talata ba, da na daure. Abdullahi majemi, sa'an Baba, ya hau nasa soron zai share indararo, ashe azara ɗaya ta ruɓe, ta karye da shi. Aka kawo shi zaurenmu cikin tabarma. Baba ya shafa bayan wuyansa kawai ya janye hannu, ya ce a mayar da shi gida ya cika cikin iyalinsa. Kafin la'asar ya cika. Da yamma na ga Baba ya yanki kara, ya ƙona masa kai a murhu, ya miƙa hannu ya soke shi cikin damin nan na rufin zaure.

Karan nan dai da ka taɓa saukowa da su kana wasan doki har Baba ya zane ka. Ban sani ba ko ka taɓa tsayawa ka ji ma'anarsu, kai da ba ka da gindin zama. Kaka ne ya fara. Duk wanda ya faɗi aka kawo shi ɗori gidan nan, in ya warke sai a ƙone karan ɗorinsa, in ya rasu sai a ajiye kara ɗaya. Na yaro gajere ne, na babba dogo, na tsoho a ƙona masa kai, in mace ce a ɗaura jan zare. Kaka ya ce don maɗori ya riƙa tunawa ba shi ke warkarwa ba.

Wannan shi ne kara na biyu cikin wata guda. Na farkon na Inna Kulu ne mai ƙosai, ta zame a makewayi ta yi kwana ashirin a kwance kafin ta cika, amma ita wannan tsufa ne, ba abin da za a ce. Na Abdullahi ne ya hana ni sukuni. In ina daka sai in yar da taɓarya in leƙa in ga ko tsani yana inda yake. In ina salla, Allah Ya gafarta mini, kunnena yana tsakar gida. Na rasa inda zan sa kaina.

Junaidu, ka zo. Ba goro nake so ba, ba zane ba. Kwana biyu sun ishe ka ka yi yaɓen nan ka koma wa fatunka, ba za su gudu ba. Audi falke zai kawo maka wannan, in zai juyo ka biyo shi.

Ka gaishe da Habiba, ka shafa mini kan yara. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka yaya,
Sadiyatu


Ƙofar Atiku, Sakkwato
Sha takwas ga watan Sha'aban

Da sunan Allah.

Zuwa ga ƙanena Junaidu, bayan sallama da tambayar lafiyarka da ta iyalinka. Ina fata zazzaɓin da ka ce ya kama ƙaramin ya sake shi. Mu muna nan yadda ka sani.

Audi ya iso, na fita har ƙofar zaure ina leƙen bayansa, ban ga kowa ba sai jakuna. Ya miƙo mini takardarka da ƙullin goro da zane. Abu biyu na ce ba na so, su biyun ka aiko, sannu da ƙoƙari. Ka ce jirgin ƙasa ba ya jiran kowa, fatu suna tsada, sai bayan salla. Ka kuma ce tun muna yara nake da tsoro, ko kaza ta hau danga sai na yi ihu. Na ji. To bari in gaya maka abin da matsoraciya ta gani.

Ranar da Baba ya tafi ziyara Hubbare, na sauko da damin karan nan duka uku na baje su a tabarma. Na Kaka ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, kara arba'in da ɗaya ne a ciki. Fiye da rabi dogaye ne marasa zare, samari ke nan, waɗanda suka faɗo daga ganuwa wurin gyara, ko daga giginya, ko doki ya kayar da su. Gajeru sha biyu, yawanci na yara maza, ka san halinku da hawan tsamiya. Masu ƙonannen kai shida kacal, cikin shekara talatin. Damin Baba na farko, na kafin Nasara su zo, bai bambanta da wancan ba sosai, sai dai dogayen sun ɗan ragu.

Da na kwance na ukun, na shekarun nan goma sha huɗu, sai da na ƙirga sau uku don ban yarda da idona ba. Dogaye shida ne kawai. Gajeru suna nan kamar da, yara ba su daina hawa ba. Masu ƙonannen kai kuwa goma sha tara, sha biyu daga ciki da jan zare. Junaidu, a zamanin Kaka faɗuwa samari take ɗauka, yanzu ta koma kan tsofaffi, har da tsofaffin mata waɗanda da kusan ba su cikin lissafi. Ba sai malami ya fassara mini ba. Kun watse kun bar musu soraye da rumbuna, dole su hau, in sun hau su faɗo. Na zauna da karan nan a cinyata, ina ganin kamar na ashirin ɗin yana jiƙe a kwamin makubar Baba.

Ban tsaya shawara da kowa ba. Na ɗauki tsani na kai gidan marigayiya Inna Kulu, na sa jikarta ta tura shi bayan rumbu ta rufe da zana. Da Baba ya dawo ya duba bai gan shi ba, bai tambaye ni ba, ya dai tsaya ya kalle ni har sai da na sunkuyar da kai. Yau kwana tara ke nan yana sha mini kunu. In na kai masa tuwo sai ya ce in ajiye, in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Jiya na ji yana gaya wa liman wai an mayar da shi jariri a gidan ubansa. Abin ya yi mini ciwo, amma gara ya yi fushi da ni yana tafiya da ƙafarsa.

Ruwan farko ya sauka ran Lahadi. Ta sama ya zubo masa kan littattafai, ta ƙasa kuma ya taru a tsakar gida ya kwararo ta ƙofar ɗakinsa har ƙarƙashin gado. Na saman ba ni da yadda zan yi da shi, na dai jera ƙoruna. Na ƙasan kuwa na yi maganinsa. Na ɗebi ƙasar da ya jiƙa don soro na ƙara wa dokin ƙofarsa tsawo kamar yatsu huɗu, na shafe shi sumul da makuba, ko Maccido sai haka. Da aka sake ruwa shekaranjiya ko ɗigo bai shiga ta ƙofar ba. Kai da kake cewa mace ba ta iya gini, sai ka zo ka gani.

Maccido ya aiko cewa aikin bariki ya kusa ƙarewa, zai zo farkon azumi. Ni dai har yanzu ƙafata ba ta zama. Ko tari Baba ya yi a zaure sai na je na duba, ko ya ari tsanin wani ne.

Ba na fushi da kai, ko da yake ya kamata in yi. Goron na raba wa maƙwabta. Ka gaishe da kowa.

Yayarka,
Sadiyatu


Ƙofar Atiku, Sakkwato
Shida ga watan azumi

Da sunan Allah.

Junaidu ƙanena, ina gaishe ka, ina yi maka barka da shan ruwa, kai da iyalinka. Ka yi haƙuri da rubutun nan, cikin gaggawa na yi shi. Mai kai takardun bariki zan roƙa ya tafi da ita, an ce ya fi fatake sauri.

Baba ya faɗi.

Ba daga soro ba. Maccido ya zo ran biyu ga wata ya yi yaɓen, ya gyara indararo, na dawo da tsani da kaina na jingine shi a gaban Baba, har ya yi mini dariya ya ce ɓarauniya ta tuba. Kwana biyu na yi ina jin kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Shekaranjiya bayan la'asar hadari ya taso, ga sassaƙen maganinsa shanye a tsakar gida. Ina madafa ina dama kunun buɗa baki, na ji ya ce bari ya kwashe. Ya fito da sauri daga ɗakinsa, sai na ji tim. Ko ƙara bai yi ba. Na same shi kwance a kan gefensa na dama, rabin jikinsa a waje, ƙafafunsa a cikin ɗaki.

Muka ɗauke shi ni da liman muka kwantar. Ya kama hannuna ya ɗora a ƙugunsa, ya ce in danna, in saurara da yatsuna kamar yadda yake yi. Na ji abin yana motsi a inda bai kamata ya motsa ba. Ƙafar ta gajarce, ta juya waje. Na ce bari in kawo kara da man shanu, ya girgiza kai. Ka san abin da yake faɗa kullum, cewa ƙashin ƙugun tsoho ba ya karɓar ɗori, sai dai a yi wa mai shi addu'a. Shekara hamsin yana gaya wa 'ya'yan mutane haka, yanzu ni ya gaya wa.

Masu dubiya suna ta zuwa, zaure ba masaka tsinke. Duk wanda ya tambaya sai Baba ya ce rigarsa ce ta harɗe shi. Yana cin abinci kaɗan, liman ya sa shi ya ajiye azumi da ƙyar. Ba ya iya juyawa sai na juya shi, kuma yana jin kunyar hakan fiye da ciwon.

Akwai maganar da ke cina, amma ba zan iya rubuta ta yau ba. Ka bar fatun nan, ko ruɓewa za su yi. Ya tambaye ka sau biyu.

Sadiyatu


Ƙofar Atiku, Sakkwato
Biyu ga watan ƙaramar salla

Da sunan Allah, wanda gare Shi muke, gare Shi kuma za mu koma.

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata Junaidu. Ina gaishe ka, ina tambayar gajiyar hanya, don na san in takardata ta same ka, yanzu kana tafe. Audi zai tashi gobe, na ce ya riƙa duba kowane ayari da kowane zango har ya gan ka ya danƙa maka wannan. Na fi so ka karanta ta a hanya, don in ka tsaya a gabana bakina ba zai buɗe ba.

Allah Ya yi wa Baba rasuwa ran ashirin da bakwai ga azumi, da hantsi. Ciwon ya koma masa ƙirji, ya yi kwana biyar yana tari da zazzaɓi. Ya cika da kalmar shahada, kansa a cinyata. Mutanen da suka bi gawarsa, rabinsu da ƙafar da ya ɗora musu suka taka. Allah Ya jiƙansa, Ya ba mu haƙuri. Ya ce in gaya maka ya yafe maka, kuma wuƙarsa ta yankan kara taka ce in kana so.

Kwana uku kafin nan, ya ce in sauko masa da dami na uku. Ashe ya san na taɓa kwance su, wai ɗaurina ba irin nasa ba ne. Ya sa na ware masu ƙonannen kai na jera masa a kan bargo, ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana faɗin sunan mai shi da inda ya faɗi, bai manta ko ɗaya ba. Wannan a bakin rijiya, tana jan guga. Wannan a makewayi. Wannan tabarma ce ta zame da shi a masallaci. Wannan ta sauko daga gado ne kawai. Wannan akuya ce ta ja ta da igiya. Ina ta jira in ji soro, in ji rumbu, sai can ba a rasa ba. Da ya gama ya ce, “Ɗiyata, dut waɗanga, huɗu kaɗai sunka hwaɗo daga bisa. Saura nan ƙasa sunka hwaɗi, inda kaza ka ƙetarewa.”

Ya ce a zamanin Kaka ma tsofaffi suna tuntuɓe, amma gida cike yake, kafin tsohuwa ta kai ƙasa wani ya tare ta, kuma ba ita ke zuwa rijiya ba. Yanzu gidaje sun zama kango, kowa shi ke ɗaukar butarsa. Ya ce matan sun fi yawa ne don sun fi mazan daɗewa, ƙashinsu kuma ya fi saurin karyewa. Ni na ƙirga karan nan sau uku, Junaidu, na san adadinsu kamar yatsuna, amma ban tambayi mutumin da ke ɗaki ɗaya da ni inda suka faɗi ba. Inna Kulu a gabana aka kawo ta, na ce tsufa ne na wuce. Idona yana sama wata biyu cur.

Yanzu ga maganar da na kasa rubutawa. Ba rigarsa ce ta harɗe shi ba, ranar ko riga babu a jikinsa, zane ne a kafaɗarsa. Dokin ƙofar nan ne da na ƙara wa tsawo, wanda na yi maka alfahari da shi. Kullum yana lura ya ɗaga ƙafa, ranar da ya yi sauri sai ƙafar ta koma wa abin da ta sani. Na ga inda babban yatsansa ya ɓantare makubar tun ranar, na sa tafin hannu na rufe kafin liman ya shigo.

Na durƙusa na gaya masa, ina kuka. Ashe ya riga ni sani. Ya dafa kaina ya ce, “Ƙahwata ta san wanga dokin ƙohwa shekara sittin, ba ta san ya ƙara tsawo ba. Laihin ƙahwa ne. Ruwa bai shiga ba, aikinki ya yi kyau.” Ya ce kada in gaya wa kowa. Na riƙe masa wannan a gaban mutanen unguwa, amma kai ba kowa ba ne, ubanka ne, kana da hakkin ka sani. In za ka yi fushi da ni ka yi shi a hanya, ko ka kawo shi gida, duk na karɓa. Ni ma na yi fushi da kai, har na ce da ka zo tun farko da ban taɓa ƙasar nan ba. Na daina faɗin haka, don ba ya sa in ji sauƙi.

Tun ranar sadakar uku ban iya zama ba. Da safe sai in yafa mayafi in bi gidajen da tsofaffi suke su kaɗai, in duba bakin rijiya, in zuba yashi a makewayi, in ɗaure akuya nesa da hanya. Wasu suna godiya, wasu suna ganin baƙin ciki ya taɓa ni. Wataƙila ya taɓa ni ɗin.

Ranar salla, da kowa ya tafi idi, na ɗauki wuƙarsa na yanki kara, na ƙona masa kai, na soke shi cikin dami na uku. Ya zama na ashirin. Daga nan na ɗauki fartanya na shiga gida.

In ka iso, ka shigo kai tsaye ɗakinsa, littattafansa suna nan yadda ya bar su, sai dai na ɗora su a kan gado don ruwa yana shiga yanzu. Ba sai ka ɗaga ƙafa a bakin ƙofar ba, babu komai a wurin.

Allah Ya kawo ka lafiya. Ka taka a hankali.

Yayarka mai jiranka,
Sadiyatu